Kayan Hajiya Mero

Dab da magariba Maimuna ta sauka daga keke napep a Ƙofar Marusa, riƙe da leda. Kayan Hajiya Mero ne: carbi, kofin silba da zani ɗaya. Maimuna nas ce a ɗakin waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu, kuma ba aikinta ba ne kai kayan mamaci gida. Kunya ce ta aiko ta.

Shekaranjiya ta ga ƙafafun tsohuwar sun yi sanyi, numfashi ya soma yankewa. Shekara tara tana wannan aiki, ta san abin da ke tafe sarai. Amma da Habiba, 'yar Hajiyar, ta tambaye ta, sai baki ya yi mata nauyi. "Da sauƙi," ta ce, "je ki gida ki huta." Tsohuwar ta cika tana kiran 'yarta, babu nata ko ɗaya a kusa. Maimuna kuwa ta ce wa dangin cikin barci ta tafi.

Lungun gidan shiru, kowa ya nufi masallaci. Sai warin Dettol ya buge ta, haɗe da ƙamshin man zafin da take shafa wa Hajiya.

Ta tsaya.

Numfashi a bayanta. Ja uku, dogon shiru, sannan wani jan mai kurkurar maƙogwaro. Ta san shi.

Ledar ta yi nauyi kamar an cika ta da jiƙaƙƙen wanki.

"'Yar nan," aka raɗa mata. "Kin kira mani ita?"

Yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannunta, daidai inda ake jin bugun jini.

Ta nemi addu'a, harshe ya ƙi.

Ta fizge, ta faɗa zauren da rarrafe, takalmi ɗaya a ƙafa.

Habiba na kan tabarmar karɓar gaisuwa. Maimuna ta durƙusa, ko gaisuwa babu.

"Ƙarya na yi maki. Na san ba za ta kwana ba. Kuma ba barci take ba, ke take kira."

Habiba ta dubi ledar.

"Sau nawa, Sista?"

"Har muryar ta ɗauke."

Ba zagi, ba kuka. Habiba ta jawo ledar ta rungume, ta ce a kawo wa baƙuwa ruwa. Wallahi da mari Maimuna ta sha da ya fi mata sauƙi.

Yanzu da ta ga alamar ajali, Maimuna ke fara kiran dangi ta zaunar da su, ko da za su tsine mata. Amma har yau in ta hango Habiba a kasuwa, layi take canzawa.