Sunan da ke Bayan Rigar Kotone

"Tsaya nan! Kada ki ƙara taku ko ɗaya."

Kotone Amagai ta tsaya cak, ƙafarta ɗaya a kan dokin ƙofa. Ranarta ta farko ke nan a gidan Ishimaru, masu yin miso, wani dakakken wake da ake miya da shi kamar daddawa, a bayan garin Sendai, kuma ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Kulob ɗinta na Aobane ƙarami ne, shi ya sa yake rarraba 'yan wasansa gidajen masu ɗaukar nauyinsa: da safe aiki, da yamma atisaye. Ita 'yar wasan gaba ce mai lamba tara, nan kuma rabonta ya faɗo.

Saurayin da ya daka mata tsawar ya matso, farin ƙyalle ɗaure a kansa.

"Me kika ci da safe?"

"Shinkafa. Da natto."

Ya dafe kai. "Natto! Wa ya turo mana ke, maƙiya?"

Kowa a unguwar ya san ba a shiga ɗakin shinkafar miso da natto a baki, don natto ruɓaɓɓen wake ne, kuma ƙwayar da ke ruɓar da shi in ta shiga sai ta lalata aikin shekara guda. Kotone dai ba ta sani ba. Aka miƙa mata tsintsiya, ta wuni tana sharar tsakar gida tana cika tana batsewa. Can da rana sai ga shi da shayi.

"Genta nake, ɗan gidan nan. Ki yi haƙuri da ihun ɗazu."

"Na saba. Kocinmu ya fi ka maƙogwaro."

Ya yi dariya har idonsa ya rufe. Ta kalle shi, ta kau da kai, ta sake kallo. Daga nan fa magana ta lalace.

Kafin ganye ya yi ja a kan duwatsu, Genta da bai san dokar satar gida ba ya zama na farkon zuwa filin wasa. Saƙonni kuwa ba a magana.

"Lamba Tara, na ga ƙwallon da kika ci da ka. Zuciyata ce ta fara shiga raga kafin ita."

"Mai Miso, rage daɗin baki. Ka ga biyun da na zubar?"

"Ban gani ba. Ke nake kallo, ba ƙwallo ba."

Wata rana a bakin kogi ta ba shi labarin mahaifinta, direban bas, wanda ya koya mata buga ƙwallo da ƙafar hagu. Ya rasu tana sakandare. Ba ta da wa, ba ta da ƙane, ba ta da baffa, duk wani Amagai na zuriyarsu a kanta ya tsaya. A gadon asibiti ta yi masa alkawari cewa sunansa zai fita Gasar Kofin Duniya a bayan rigar ƙasa.

Genta ya san inda maganar ta dosa. Dokarmu ba ta yarda miji da mata su riƙe suna biyu ba. Dole ɗaya ya ajiye nasa, kuma kusan kullum mace ce ke ajiyewa. In ta aure shi, fasfonta zai koma Ishimaru, rigar ma haka.

"Za mu san yadda za a yi, Koto-chan," ya ce. Muryarsa dai ba ta yi kama da ta wanda ya sani ba.

A shekararta ta biyu ta fi kowa zura ƙwallo a rukuninsu, aka kira ta tawagar ƙasa. A makon ne Genta ya kai maganarta gaban mahaifinsa. Tokuji Ishimaru mutum ne mai tsada da magana, in ya yi kuwa sai a gwammace shirunsa.

"Mai gudu da gajeren wando a gaban duniya? Gidan nan suruka yake nema, mai tashi da asuba ta tsaya kan tukunya. Kai ne babban ɗa. Na riga na yi magana da Onodera mai shinkafa, ranar Lahadi a otal za ka gana da 'yarsa Sayuri."

Lahadin nan ita ce ranar da Kotone za ta fara buga wa ƙasa wasa. Genta ya ɓoye mata, wai kada ya ɗaga mata hankali. Ya ce aiki ne ya riƙe shi. Maza da wayonsu ke nan.

An sako ta bayan hutun rabin lokaci, ta ci ƙwallo da ƙafar hagu, filin ya ɗauki sowa. Tana komawa ɗakin sauya kaya ta tarar da saƙon Fumi, ƙanwar Genta, wadda bakinta ba ya riƙe komai.

"Yaya Kotone, barka! Kada ki damu da zancen otal ɗin nan, Baba ne ya matsa masa. Ni dai ke nake so, ba Sayuri ba."

Ta karanta, ta sake karantawa. Abokan wasanta na tsalle suna rungumar ta, ita kuwa ƙirjinta kamar an ɗora masa dutsen danne miso. Ta rubuta masa:

"Ashe aikin da ya riƙe ka rigar kimono ta 'yan mata yake sawa. Na gode, Ishimaru-san."

Ta toshe lambarsa. Da wani kulob na Jamus ya nemo ta a ƙarshen kaka, ba ta yi shawara da kowa ba ta sa hannu.

Jamus ta karɓe ta da sanyi da 'yan baya masu tsawon ƙofa. Watannin farko a benci ta yi su. Ta koyi yadda ake tsayawa da kafaɗa, ta koyi zagi da yarensu, ta ƙwace gurbinta, ta soma cin ƙwallaye. Amma duk ranar da ta dafa miyar miso ta kanti sai ta ture kwanon, don ba ɗanɗanon ba ne, kuma kewar Genta ce ke cin ta, ko da ta ƙi faɗa.

Ana nan sai ga saƙo daga baƙuwar lamba.

"Sunana Sayuri Onodera. Ba ki san ni ba, amma ke kika ɓata mini kimono. Ranar da aka haɗa ni da Genta-san, wayarsa na ƙarƙashin tebur yana kallon wasanki. Da kika ci ƙwallo ya miƙe ya yi ihu, ya kifar mini da shayi a gaban iyayenmu. A nan take ya durƙusa ya ce yana da wadda yake so. Jiya na gan shi, ya rame kamar tsinken cin abinci. Ni zan yi aure wata mai zuwa. Don girman iyayenki ki ɗauke kayanki."

Kotone ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta buɗe lambarsa.

"Mai Miso, kana nan?"

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Ina zan je, Lamba Tara? Inda kika bar ni nake. Ki dawo mu fuskanci Baba tare."

Ta zo hutun bazara, saura 'yan watanni a fitar da sunayen masu zuwa Kofin Duniya. Ta shiga gidan Ishimaru da kwalin alawa a hannu, ta durƙusa a kan tabarma gefen Genta. Tokuji na zaune a gaban ɗan akwatin tunawa da kakanni, matarsa Harue na zuba shayi, Fumi kuma ta laɓe bayan ƙofar takarda, inuwarta a fili.

Tokuji ne ya fara magana, kuma ya ba kowa mamaki.

"Na ga yaron nan ba zai yi amfani ba in babu ke. Na sauko. Ki yi ƙwallonki har ƙafa ta gaji. Abu ɗaya ne, ki shigo gidan nan a matsayin Ishimaru, kafin gasar."

Rangwame ne babba, kowa a ɗakin ya sani. Ga wanda take so, ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ta rage. Ta sunkuya har goshinta ya taɓa tabarma.

"Maigida, na gode. Amma na yi wa mahaifina alkawari, kuma ba ya nan balle in roƙe shi ya yafe mini. Ba zan iya ajiye sunansa ba."

"To, kin zaɓa," in ji Tokuji, ya yunƙura zai tashi.

"Baba," Genta ya ce, shi ma ya kai goshi ƙasa. "Ni zan ajiye nawa. Zan zama Amagai."

Butar shayi ta tsaya a hannun Harue. Fuskar Tokuji ta yi jawur.

"Maimaita."

"Zan ɗauki sunanta. Aiki ba zan bari ba, allon ƙofa ma ba za a taɓa shi ba. Sunan ne kawai."

"Sunan ne kawai!" Tokuji ya daki tebur, kofuna suka yi tsalle. "Ka san abin da na biya kafin a haife ka da sunan nan? Ni da na shigo gidan nan ina Kumagai, na cire sunan ubana kamar takalmi a bakin ƙofa, don kakanka ba shi da ɗa namiji! Shi ne kai za ka jefar a kwata saboda ƙwallo?"

Kotone ta ji hawaye na ɗiga a bayan hannunta, ta tabbata komai ya ƙare.

Harue ta ajiye butar a hankali.

"Baban Genta, shekara da shekaru ban taɓa tambayarka ba. Don wa ka ajiye sunan? Don miso, ko don ni?"

"Wace irin tambaya ce wannan a gaban yara?"

"Amsa nake jira."

Tsohon ya kalli tabarma, ya kalli rufi, kunnuwansa suka fi fuskarsa ja.

"Ni da ko miso ban cika so ba a lokacin," ya ce can ƙasan maƙoshi.

"To ɗanka ne," in ji Harue. "Bai ɗauko a waje ba."

Ƙofar takarda ta zuge, Fumi ta leƙo. "Ni fa ina nan, Baba. Duk wanda zai aure ni, Ishimaru zai zama, ko ya kama gabansa."

"Rufe mana ƙofa, sarkin surutu!" in ji Tokuji.

Ya gyara zama. Da ya sake buɗe baki, ba ɗansa ya kalla ba, Kotone ya kalla, muryarsa ta sauka.

"Ni ma ni kaɗai ne wurin ubana. Ranar ɗaurin aurena ya yi ta murmushi, ya sha giya, ya yi rawa. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, 'Shi ke nan, Kumagai ya ƙare.' Bai ƙara tayar da maganar ba har ya mutu. Ni kuma ban taɓa daina jin ta ba." Ya goge hanci da bayan hannu. "Mahaifin naki, ya sunansa?"

"Shigeo. Shigeo Amagai."

"Gobe ki kai ni kabarinsa. Ba a ba mutum ɗa ba tare da an gaishe shi ba."

Kotone ta kasa ɗaga kai. Kuka take yi sosai, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinta, Genta na riƙe da hannunta a gaban iyayensa ba kunya.

An ɗaura auren a ƙaramin wurin bauta na unguwar, mako guda bayan sunanta ya fito cikin masu zuwa gasar. 'Yan Aobane suka cika harabar da ihu kamar an ci kofi. Mahaifiyar Kotone ta zo da hoton mijinta a ƙirji. Ango da amarya suka kurɓi giyar shinkafa daga kofunan aure, aka tafa.

Da aka zo jawabin uban ango, Tokuji ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya juya wajen hoton ya rusuna sosai.

"Amagai-san, ga ɗana nan na kawo maka. Yana da taurin kai, amma ba ya ƙarya sai in ya ruɗe. Ka riƙe shi." Sannan ya dubi ma'auratan. "Ku tsufa tare, 'ya'yana. Kakannin gida biyu su tsaya muku, gidanku ya cika da 'ya'ya da lafiya."

"Mun gode, Baba," in ji Kotone, karo na farko da ta kira shi haka.

Tsohon ya zauna da sauri ya ce hayaƙin turare ne ya shiga masa ido.