Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Da safiyar Litinin matar da ke awon jini ta buɗe firij ɗin ɗakin gwaji, ta tarar kwalba ɗaya mai shuɗin murfi ta yi ƙafa. Jinin wata yarinya ce 'yar shekara huɗu, mai kwance a gado na shida. An kuma yage shafin da aka rubuta ta a littafin karɓa. Shugaban asibitin ya yi kwana biyu yana nuƙu-nuƙu don gudun abin kunya, sai ranar Laraba ya kira 'yan sanda.

Sufeto ta zo ranta a ɓace. Shekara goma sha tara tana aiki, yau an turo ta neman cokali biyu na jini. Amma da ta leƙa gado na shida, sai ta haɗiye mitarta. Yarinyar ta kumbura har ba a ganin idanunta, jajayen ƙuraje sun rufe ta tun daga goshi har tafin ƙafa. Uwar tana gefe tana yi mata fifita da murfin kwali.

Likitan yara Sufeto ta fara tarewa.

"Me ke damunta?"

"Abin da nake son sani ke nan. Ƙurajen ƙwayar cuta da na magani kamarsu ɗaya a ido. In cuta ce, mu lallaɓa ta har ta wuce. In jikinta ne ya ƙi wani magani, duk cokalin da aka ƙara mata guba ne."

"Ka sake ɗibar wani jinin mana."

"Sau biyar muka gwada, jijiya ta ɓuya. Uban ya ce kada a ƙara taɓa masa 'ya."

"Maganin da kuka ba ta fa?"

"Da ƙurajenta ta zo. Irin wanda nake tsoro kuwa, sai an yi mako biyu ko uku ana shan magani yake fitowa. Na tambaye su, sun ce ba ta shan komai."

Sufeto ta cire shi daga lissafi, don wanda ya nemi gwaji ba shi zai sace shi ba. Mutum uku ke da makullin ɗakin: mai awon jini, mai shara, da mai ba da magani, wanda firij ɗinsa ya lalace yake ajiye allurai a nan.

Mai shara ta rantse har da hawaye. Sufeto ta miƙa mata littafin a juye ta ce ta nuno sunan yarinyar. Tsohuwa ta ƙura masa ido a haka, ba ta ko juya shi ba. Aka sallame ta.

Mai awon jini kuwa dariyar takaici ta yi.

"Ni in sata? Ai da na haɗa da wannan." Ta jawo wani ɗan gilashi daga akwatin katako. "Duk jinin da ya shigo, sai na shafa ɗigo a gilashi kafin in sa kwalbar a firij. Kowace nas ta san halina. Sun hana ni taɓa shi wai sai hukuma ta zo."

"To ga hukuma. Duba."

Ta zuba masa launi, ta sa a madubin awo, ta daɗe a sunkuye.

"Sojojin jini kala-kala ne, ranki ya daɗe. In ƙwayar cuta ce, wasu ƙanana ne ke yawa. Waɗannan masu jan ɗigo-ɗigo kuwa, sun fi tashi in jiki na faɗa da magani. Ga su nan sun cika wuri. Shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma da 'yata ce, da tuni na zazzage gidan."

Sufeto ta koma gado na shida da sauri.

"Baiwar Allah, me kike ba ta da likita bai sani ba?"

"Ba komai wallahi. Sai na Baffanta."

"Na Baffanta ba magani ba ne?"

"Ai shi na gida ne. Ta yi jijjiga mako uku da suka wuce, ya ce kada a kai ta layi a yi ta yawo da mu, ya kawo wannan." Ta ciro kwalba marar takarda daga jaka. "Safe da yamma, ban taɓa tsallakewa ba."

"Yau ma?"

"Yau ma."

Baffan, yayan uban yarinyar, shi ne mai ba da magani na asibitin. Sufeto ta same shi a bayan kantar magani yana jera kwalaye, ta dire masa kwalbar a gaba.

"Ɓarawon ya iya karatu, yana da makulli, ya san mai shuɗin murfi ce ta ƙirgen jini. Abin da bai sani ba shi ne ana shafa gilashi tun farko, don bai taɓa tsayawa ɗakin ana aiki ba. Kai kaɗai ne haka. Ka ba da maganin farfaɗiya ba da takardar likita ba, ka ga ƙuraje, ka ji tsoron lasisinka."

Ya zauna a kan kwali. "Na ce wa ƙanena a dakata da shi."

"Ka gaya masa dalili?"

Ya girgiza kai.

"Shi ya sa bai ko isar wa matarsa da saƙon ba. Kwana uku kana wuce gadonta kana cewa ya jiki."

Likita ya dakatar da maganin nan take, amma ya ce hanta ta riga ta taɓu. Yarinyar ta cika ranar Juma'a da hantsi.

Washegari uban ya zo ofis, ya tsuguna gaban teburin Sufeto. Ta ɗauka adalci ya zo nema, har ta fara jawo fayil.

"Ranki ya daɗe, a rufa mana asiri. A rubuta ƙyanda ce. Yayana ne, shi ya yi mini aure."

Sufeto ta dube shi. "Matarka fa?"

"Dangi sun ce ai ita ta riƙa ɗura mata. Tana gidansu tun jiya."

Sufeto ta buga hatimi a kan takardar tuhumar Baffan, ta ce ya tashi ya ba ta wuri.