Kalmar da Aka Kankare a Takardar Gwadabe

Da hantsi rahoto ya iske Sufeto Shitu a Tudun Wada. Wani manomi, Gwadabe, ya yanke jiki ya mutu a ɗakin shan magani na wani ƙauye, jim kaɗan bayan an yi masa allura.

Da Sufeto ya isa, a ƙofar wurin ya tarar da matar mamacin, Tasalla, idonta jawur amma babu hawaye.

"Ranka ya daɗe, likitan Kano ya ce jininsa ba ya karɓar maganin nan, ko ƙwaya ko allura. Har takarda ya ba mu. Na miƙa wa malamin asibiti, ya daka mini tsawa wai ni zan koya masa aiki."

Malamin asibitin, Ɗanasabe, ko tashi bai yi ba da Sufeto ya shiga.

"Matar nan ba ta jin Turanci, yallaɓai. Duba abin da likita ya rubuta: not tablets and injection. Wato kada a haɗa masa biyun tare. Ni kuwa ɗaya na ba shi."

"Da a ce or ya rubuta a maimakon and fa, wato ko wannan ko wancan?"

"Da duka biyun ya hana. Amma ai ba haka ya rubuta ba."

Saurin amsar ya tsaya wa Sufeto a rai. Ya fita waje, ya ɗaga takardar ga rana. Daidai kalmar and haske ya ratsa, wurin ya yi sirara. Rubutun likita baƙi ne, and ɗin kuwa shuɗi, haruffa uku an cusa su a gurbin biyu.

Ya dawo ransa a ɓace, ya fizgo aljihun tebur. Ga reza, ga kwalbar tawada shuɗiya.

"Yaushe ka karanta takardar?"

Ɗanasabe ya tsura wa rezar ido.

"Da kai nake, Malam. Yaushe?"

Ɗanasabe ya sunkuyar da kai. "Bayan ya faɗi. Tsoro ne ya kama ni."

"Mutum yana shure-shure a gabanka, kai kana neman reza." Sufeto ya nuna shi da yatsa. "Matar da ka raina ta faɗa maka gaskiya da Hausa, ka ƙi ji."

Ɗan dokan da ya rako Sufeto ya sa wa Ɗanasabe ankwa. Da aka fito da shi Tasalla ta sha gabansu, ta tsare shi da ido har ya rasa inda zai sa fuskarsa, sannan ta ba su hanya.