Ɗauke Ƙafarki Daga Totur

Motar ta girmi aurensu da shekara shida, kuma ba ta ɓoye tsufanta. Da rana lafiyarta ƙalau, amma in sanyin asuba ya ratsa ta, sai an lallashe ta kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Mijin matar da ke tuƙa ta bakanike ne, ya san cutar sarai: famfon mai ne ya gaji. Sai dai irin bakaniken nan ne da motar kowa ke warkewa a hannunsa, ban da ta gidansa.

Kullum da asuba, in za ta tafi aikinta na asibiti, yakan kwanta gefen tayar baya da sifana a hannu. Ta murɗa makulli rabi, ya ƙwanƙwasa tanki sau biyu, famfon ya yi ɗan kukansa, zuuu. Sau uku suke yin haka kafin ta ba da kik.

"Direba, ɗauke ƙafarki daga totur," yakan ce daga ƙasa. "Injekta ce mai auna mai da kanta, ba tsohuwar kafireta ba. Ta fi ki sanin man da take so."

Direba yake kiranta don tsokana. Shekara goma sha ɗaya tana jin faɗan nan, har ranar da ciwon kwana uku ya ɗauke shi.

Safiyar da ta koma aiki, motar ta ƙi tashi. Ta murɗa, ta sake murɗawa, shiru. Ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kuka har ta gode Allah. Tana cikin kukan ta ji shi daga ƙarƙashin motar.

Ƙwas. Ƙwas.

Famfo ya ce zuuu. Mota ta tashi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ƙanin mijin, shi ma bakanike, ya zo duba motar bayan kwana biyu. Ya gwada batir, ya kwance filogi, ya kara kunne jikin tanki, sannan ya miƙe yana goge hannu.

"Matar Yaya, famfon nan ai ya mutu murus. Ni ban ma san da me take tashi ba. Bari in canza miki."

"Bar shi sai wani satin," ta ce.

Haka ta yi ta ce masa har sati biyar. Ta san wanda ya mutu ba ya dawowa, ita da ta rufe idanun mutane da yawa da hannunta. Amma ƙwanƙwasar nan biyu ita ce kaɗai abin da ya rage mata, kuma in aka sa sabon famfo, shi ke nan.

Ran nan aka kwana ana ruwa. Ta fito tsakar gida da sauran duhu, ta shiga mota. Warin fetur ya cika ko'ina, a ƙarƙashinsa kuma akwai ƙamshin sabulun da yake wanke hannu da shi.

Ba ta ma sa makulli ba.

Ƙwas. Ƙwas.

"Direba."

Muryarsa ce, har da 'yar dusashewar nan ta safiya. Hawaye ya ɓalle mata.

"Na'am," ta ce a hankali.

"Sauko ki haska mini. Ba na gani."

Ta madubin gefe ta hango ƙafafu biyu sun leƙo kusa da tayar baya, sanye da takalman aikinsa. Takalman da ta kulle a akwati da hannunta. Ta gani, ta gane, amma ta buɗe ƙofa. Ta sauke ƙafa ɗaya cikin ruwan sanyi.

"Yauwa," in ji muryar. "Amma tukuna, taka mata totur sosai, ki ba ta mai."

Ta tsaya cak.

Ko a mafarki mijinta ba zai faɗi haka ba.

Ta fara janye ƙafar. Wani hannu ya cafke idon sawunta, mai sanyi, mai santsin baƙin mai, yana ja.

"A'uzu billahi!"

Ta fizge da duk ƙarfinta. Takalminta ya tafi. Ta ja ƙofa ta rufe, ta kwanta a kan hon, bakinta na ta addu'a.

"Direba," muryar ta ce, yanzu da kuka. "A nan za ki bar ni?"

Ba ta saki hon ba sai da maƙwabcinta ya kunna fitila ya fito.

Da hantsi ƙanin mijin ya sauke tankin. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya kira ta. Jikin ƙarfen duk ya yi ƙulu-ƙulu, biyu-biyu a jere, kuma daga ciki aka buga su. Takalminta ba a gan shi ba.

"Canza famfon," ta ce. "Da tankin duka."

Yanzu motar da murɗa ɗaya take tashi, ko da wane irin sanyi. Kowa ya ce ta huta. Amma har yau, kowace asuba, sai ta murɗa makulli rabi, ta ɗauke ƙafarta daga totur, ta zauna tana saurare. Sau uku take yi, sannan ta share ido ta tafi aiki.