Wayar Gidan Hajiya Latifa

Ƙarfe ɗaya na rana, kwana uku da fara yajin aikin direbobi, Halilu yana saman tsani a bayan gidan Hajiya Latifa a unguwar New Bell. Ba tasi, ba bensikin, wato acaɓa, hayaƙin taya ya toshe hanyar Akwa. Jibirilla, ogansu, ya ce ranar da jandarmomi ke fama da gari guda ba su da lokacin ɓarayi uku.

Halilu ne ya kafa wayar wutar da ke kan katangar gidan da hannunsa, lokacin yana da aikin yi. Ya riga ya yi musu bayani. Ɗauke wuta ba ya kashe ta, akwatinta na da batir. In an yanke ta, jiniya za ta tashi. Dabarar ita ce a yi mata gada da wata waya, wutar ta zagaya, sannan a yanke tsakiya. Haka ya yi. Jibirilla da Bala, na ukunsu, suka dira ciki da bindiga ɗaya.

Sai tagar bene ta buɗe. Rahinatu ce, 'yar Hajiya, wadda yajin aiki ya hana zuwa ofis.

"Halilu mai waya? Gyara ka zo?"

Jibirilla dai ya ji.

Minti goma suka yi. Suka ɗaure Hajiya da 'yarta da ɗankwali, suka kwashe gwal. Da suka dawo gindin katanga, Jibirilla ya ce wa Bala da Fulatanci an gane mai wayar nan, in an isa bakin ruwan Youpwé a bar shi ciki. Bai taɓa tambayar asalin Halilu ba. Uwar Halilu kuwa Bafulatanar Garwa ce.

Halilu ya fizge gadar, ya sauko, ya kwantar da tsanin.

Jiniya ta ɓarke! Bala, da ya riga ya hau katanga, ya ruɗe ya cafki wayar gefe. Tas! Ta wurgo shi cikin gida, ƙafa ta karye. Jibirilla ya harba sau biyu, ya samu katanga. Halilu ya ruga, ya faɗa hannun mutanen unguwa, waɗanda kwana uku suna zaune da sanduna ba abin yi.

Jandarmomi sun iso bayan la'asar. Sun tarar da gawar Jibirilla a ƙofar gida, sandunan unguwa sun gama da shi, Bala yana nishi, Halilu ɗaure jikin turken wuta, ba haƙoran gaba. Jiniya na ta kuka, ba wanda ya iya kashe ta.

Kwamandan ya toshe kunne ya tambayi wa ya san abin nan. Kowa ya nuna Halilu. Aka kwance shi, ya shiga falo, ya danna lambobi huɗu. Gari ya yi tsit.

"Sannu da aiki," in ji Hajiya.

Shekara goma sha biyu aka yanke masa.