Safar Hagu

"Sake aunawa," ta ce.

"Sau uku ke nan, Farar Riga."

Ina durƙushe a bakin gado da tef ɗin awo a hannuna, ita kuwa ta kau da kai tana kallon labule kamar ba a kan ƙafarta ake magana ba.

Matata nas ce, awa goma sha biyu take yi a tsaye kullum. Ni kuma kemis gare ni, ina sayar da safar matsi, wadda ke riƙe jijiyoyin ƙafa kada jini ya taru. Rabin abokan aikinta a wurina suke saye, kuma karatu ɗaya nake yi wa kowacce: a auna da sassafe kafin a taka ƙasa, idon sawu da sha-raɓa, ƙafa biyun duka. Ita kaɗai ta shekara biyu tana yi mini dariya, wai safar tsofaffi ce. Sai ga shi da bakinta ta ce in zo mata da ita. Ni sarkin wauta har murna na yi.

Ƙafar dama santimita talatin da huɗu. Hagu talatin da takwas. Na ɗora tafin hannuna a kan hagun, na ji ɗumi kamar kofin shayi, fatar har sheƙi take. Da na ɗan danna sai ta ciji leɓe.

Ba sai na yi wa nas bayani ba. Kumburin gajiya ƙafa biyu yake kamawa, kuma barci na sauke shi. Amma ƙafa ɗaya, da zafi, da sassafe, gudan jini ake zargi. Idan kuwa ya ɓalle, huhu yake nufa. Tsoro ya kama ni sosai.

"Yau za a yi miki hoton ƙafar nan a asibiti."

"Jibi."

"Yau!"

"Jibi Inna za ta iso... wa zan bar wa Umma?"

Umma mahaifiyarta ce. Kwana goma sha ɗaya tana kwance a sashen da matata ke aiki, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya ɗauke. Duk awa biyu sai an juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, kuma ba ta yarda da hannun kowa sai na 'yarta. Ƙannen matata maza ne, aikinsu tsayuwa a bakin ƙofa suna danna waya. Inna, ƙanwar Umma, ita ake jira. Matata ta san idan hoto ya nuna wani abu, Metiron, shugabarsu, a ranar za ta kwantar da ita.

Sai ta kawo dabararta. Wai in fasa kwali biyu, in ba dama matsakaiciya, in ba hagu babba. Na ce ko wadda ban taɓa gani ba ba zan yi wa haka ba, kuma yanzu zan kira Metiron.

Ta riƙo fuskata da hannu biyu, idanunta sun kawo ruwa.

"Haba rabin raina... kwana biyu kacal na roƙe ka. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Da hannuna na juya safar zuwa diddige, na zura mata, na ja a hankali har ƙasan gwiwa, na shafe duk wata tattara. Ta miƙe ta taka, ta ce ciwon ya lafa, ta kira ni likitan ƙauye. Farin wando ya sauka ya rufe komai. Ɗingishin da abokan aikinta za su gani su yi mata caa, ni na ɓoye shi.

Washegari da rana na kai mata abinci. Na same ta tana gyara wa Umma matashi. Tana cikin ba ni labari sai ta tsaya a tsakiyar magana, ta dafa ƙarfen gado, ta yi ɗan busasshen tari. Ta ce matakala ce ta hau da sauri.

Umma ta kamo rigata da hannunta mai lafiya. Ta kalle ni, ta kalli ƙafar 'yarta, ta sake kallona. Leɓenta na rawa, magana ta ƙi fita. Na gane sarai.

Har ƙofar ofishin Metiron na je. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na jiyo dariyar matata daga can cikin sashen, ras da ita. Na ce wa kaina saura kwana ɗaya, na sauke hannuna na koma kanti.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci wayata ta yi ƙara.

A gefen gadon Umma matata ta faɗi, tana tsakiyar juya ta. Kafin in iso sun yi duk abin da za su iya, sun ja labule, rai ya yi halinsa. Metiron ta fito da safar a hannu, an yanke ta da almakashi. Ta duba lambar ɗaya, ta duba ta ɗayar, ta ɗago a hankali.

"Wa ya auna ta?"

"Ni ne," na ce.

Inna ta iso washegari kamar yadda aka yi alkawari, sai dai Umma ta ture hannunta. Ta ture na kowa. Da na matso, sai ta ƙyale ni, ta rufe ido, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Tun daga ranar ni nake juya ta, duk awa biyu. Ban san ko yafiya ce ko hukunci ba, ita kuma ba ta da bakin faɗa mini.

Ragowar kwalayen nan biyu suna cikin durowar kantina, matsakaiciya ɗaya, babba ɗaya. Ba wadda zan sayar wa. Duk ƙafar da suka yi wa daidai, gadon asibiti take buƙata, ba safa ba.