Ginshiƙin Gidan Skyrme

Da safiyar Litinin aka kira Sajan Maureen Gwilliam zuwa wani tsohon gida a garin Ledbury na ƙasar Ingila, mai farin bango da baƙin katako, irin wanda doka ta hana a cire masa ko ƙusa sai da izinin hukuma. An yanke ginshiƙin ƙofar baya, mai sassaƙen ganyen inabi, an yi gaba da shi. Jami'in hukumar ne ya gani da ya zo zagaye.

Mai gidan, tsoho Hubert Skyrme, ya ce ɓarayi ne. Yana magana yana kallon takalminsa. Matarsa Enid tana gefe a kan keken guragu.

"Baba, wa ya shigo gidan nan kwanan nan?"

"Dilwyn kafinta. Taga ya gyara."

Kafin yamma zancen ya zaga gari. Maureen ta iske Dilwyn yana huci.

"Ni? Kin kuwa ga yankan, Sajan? Ko a buge ba zan riƙe zarto haka ba. Makon jiya duk ina Hereford wajen jinyar tsohuwata. Ga shi har an fara fasa ba ni aiki."

Ta bincika, gaskiyarsa. Wani dillalin kayan tarihi kuwa dariya ya yi da ta nuna masa hoton ƙofar.

"An raba sassaƙen biyu, rabi yana jikin bango. Wane sakarai zai saya?"

Washegari ta koma gidan Skyrme. A lambun baya ta ga sawun siraran tayoyi biyu cikin laka, har gindin itacen tuffa. Ta auna faɗin keken Enid, ta auna ƙofar. Da ma ba ta duba ba.

"Baba, ɓarawo sassaƙen zai lallaɓa, don shi ne abin sayarwa. Wanda ya yi wannan hanya yake nema. Da ginshiƙin yana nan, keken Mama ba zai wuce ba, amma ga sawunsa a lambu."

Hubert ya zauna.

"Na nemi izinin faɗaɗa ƙofar, suka hana. Tun da ƙafafunta suka mutu, ta taga take kallon shukokinta. Ginshiƙin yana cikin rumfa, na naɗe shi da bargo. Kakana ya riƙa shafa masa mai, ni kuma na sa masa zarto." Ya share ido. "Amma Dilwyn ne ya fi ci mini rai. Kika tambaya, bakina ya faɗi sunansa. Ki kai ni wurinsa kafin ofishinku, 'yata."

"Zan kai ka."

Sai yanzu Enid ta ɗago kai.

"Mayar da ginshiƙin za a yi, ko?"

Maureen ta san amsar, ta kuma san ita ce za ta kai rahoton. Ta ajiye hularta a kan tebur, ta kama hannun keken, ta tura tsohuwar waje zuwa lambun.